A Sauƙaƙa Mana Sa Alama Da Cire Ta

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in jawo hankalinmu ga wani ɗan abu da a ke rainawa, amma yana cin lokacin malami ƙwarai. Watau shafa launi a kan rubutu cikin kwamfuta, da kuma share shi.

Sa alama ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Tun zamanin da, marubutan Alƙur'ani su kan rubuta baƙaƙe da baƙar tawada, su sa wasula da ja, don kada idon mai karatu ya ɓata. Malamin boko kuwa yana da jan biro da allin launi. Alƙalamin nan mai shafa ruwan ɗorawa bisa kalma ya fito a Amurka cikin 1963, daga baya kwamfuta ta kwaikwaye shi.

To, ga inda gizo ke saƙar. A cikin Microsoft Word, in kana son jan layi ƙarƙashin kalma, Ctrl da U kaɗai za ka danna. Ka sake dannawa, layi ya tafi. Shafa launi ma yana da tasa gajeriyar hanya, Ctrl da Alt da H, amma maɓalli uku ne, kuma kaɗan ne cikinmu suka san ta. Sai ka ga mutum ya zaɓi kalma, ya hau sama neman ɗan hoton alƙalami, ya buɗe launuka 15, ya ɗauki ɗaya. In zai cire, sai ya sake wannan tafiya. Mai aiki da waya kuwa wahalarsa ta fi haka, gama yatsa ya fi kalma kauri.

Wani zai ce ai wannan ƙaramin abu ne. I, amma da yayyafi kogi kan cika. Malamin da ke duba aikin yara 60, kowane da kuskure goma, sau 600 ke nan zai yi wannan hawa da sauka. Sa'an nan alamar malami ta ɗan lokaci ce. Darajar allo ita ce tsumma yana share shi nan take. In cirewa ta yi wuya, ɗalibi ya kan gyara kuskure ya bar launin, ya kai shagon buga takardu a Arawa, injin baƙi da fari ya mai da wurin toka-toka har kalma ta dushe. Ga asarar takarda, ga asarar kuɗi.

Saboda haka ina roƙon masu ƙera waɗannan manhajoji su ba mu maɓalli guda a fili, a kwamfuta da waya: danna, launi ya hau, sake danna, ya sauka. Malamanmu na kwamfuta kuma su koya mana gajeriyar hanyar nan tun makon farko, tare da ta jan layi.

Mu ma da namu. Kada sauƙi ya sa mu shafe shafi duka da launi, gama wanda ya nuna wa yaro kome bai nuna masa kome ba. Allah ya sa mu zama malamai masu lura.

Wani ɗalibi, Arawa, Gombe