Muhadara Ba Ta Mutum Biyar Ba Ce

 

Bana ma kamar bara, kowace Laraba da marece an yi muhadara a filin makaranta. Amma in muka ƙirga waɗanda suka riƙe makirfo tun buɗe makaranta har zuwa hutu, ba su wuce mutum biyar ba. Mun san su, muna alfahari da su, Larabcinsu kamar ruwa. To sauran fa? Mu da muke zaune bisa tabarma muna kabbara in sun gama, ai mu ma ɗalibai ne.

Da ma mu ƴan madarasa muna ɗauke da wani nauyi a zuci. Ka shiga ofis, ɗan lakwal ya zuba Faransanci ya wuce, kai kuwa da ka haddace Arba'una da Ishmawi sai bakinka ya mutu, ka rasa ta cewa. A unguwa ana tambayarmu, "Da Larabcin nan ina za ku samu aiki?" Alhali tun 1957 aka buɗe madarasa ta farko a Say, jami'ar Musulunci tana can tun 1986, BEPC da bak kuma muna zana su kamar kowa. Ilimin muna da shi. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne ƙarfin zuciyar miƙewa a gaban mutane.

Kwanakin baya wasu baƙi sun zo sun yi mana taron kwana biyu a kan yarda da kai. Aka ba kowa takarda ya rubuta halayensa na kirki guda biyar. Ba mu raina ba, wallahi, har shinkafa mun ci. Sai dai bayan sati guda wanda ke ɓoye kai a benci na ƙarshe yana nan inda yake. Mai tsoron magana sai ya miƙe, gwiwa na rawa, murya na kakkarwa, ya kai ƙarshen jawabinsa ya zauna bai mutu ba, sannan tsoron ke fara sakinsa. Wannan kuwa muhadara kaɗai ke iya ba mu shi, kowane mako, kyauta.

Mun san abin da wasu manya ke gudu: kar yaro ya ɗauki ujubu da girman kai, kar kunya ta fita daga idonsa. Tsoronsu na da dalili. Amma yarinyar da ta san amsa ta kasa ɗaga hannu, tsoro ne ya riƙe ta, mu kuma muna yaba mata da sunan kunya. Manzon Allah (SAW) ya ba Usama bin Zaid tutar runduna yana matashi, a cikinta akwai manyan sahabbai.

Wani laifin kuma namu ne. Ɗalibi ya sa fataha inda ya kamata ya sa damma, sai fili ya kwashe da dariya, gobe kuskuren ya zama sunansa. A ajinmu akwai wadda aka yi wa haka a zangon farko. Har muka tafi hutu ba mu sake jin muryarta ba, kuma muna cikin waɗanda suka yi dariyar. Allah Ya yafe mana.

Roƙonmu ga malamai, baɗi a bi rajista daga farko zuwa ƙarshe, maza da mata, kowa ya samu minti uku. Wanda Larabci bai zauna masa ba ya fara da Hausa, a zango na biyu ya gwada Larabci ko Faransanci. Gyaran nahawu kuma malam ya yi wa mutum shi kaɗai bayan an tashi. Zaƙaƙuranmu biyar ba a kore su ba, kowannensu ya ɗauki mutum biyu ya saurari jawabinsu ran Talata kafin su fito.