Cinikin Biri a Sama: Jirgin Haidirojin da Alkawarin 2035



A watan Satumbar 2020 kamfanin Airbus ya baje zane-zanen wasu jirage da ya raɗa wa suna ZEROe, ya ce nan da 2035 fasinjoji za su hau jirgin da haidirojin ke tafiyar da shi. Aka yi ta tafi. A farkon 2025 kamfanin ya ɗage wa'adin, ya ce sai an ƙara shekaru. Mu dai ba mu yi mamaki ba, kuma muna ganin ya kamata a daina tallar jirgin nan kamar gobe za a fara yankar tikitinsa.

Kada a ce muna musun kimiyya. Na'urar da ake magana a kai, wadda za mu kira batirin haidirojin, ba caji ake yi mata ba, ciyar da ita ake yi. Tana haɗa haidirojin da oksijin ɗin da ke cikin iska, ta ba da lantarkin da zai juya farfela, abin da ke fita daga cikinta kuwa ruwa ne da zafi. Tsohuwar fasaha ce, don ita ta ba kumbunan Apollo wuta a hanyarsu ta zuwa wata. Ta kuma ɗaga jirgi. Boeing ya tashi ƙarami mai kujera biyu da ita a Sifen a 2008. A Janairun 2023 ZeroAvia ya tashi Dornier 228 mai kujera 19 a Ingila, na tsawon minti goma. Sai dai abin da masu talla ba sa son faɗa shi ne injinsa ɗaya man jirgi yake sha, kuma an cire kujeru an ajiye tankunan haidirojin a wurinsu.

A nan gizo ke saƙa. Kilo ɗaya na haidirojin ya ninka kilo ɗaya na man jirgi ƙarfi kusan sau uku, wannan gaskiya ne. Amma haidirojin cin wuri gare shi. Ko an daskarar da shi ya koma ruwa-ruwa, wanda ke buƙatar sanyin digiri 253 ƙasa da sifili, tankinsa sai ya kai kusan ninki huɗu na tankin mai kafin ya ɗauki ƙarfi iri ɗaya. Jiragen yau a cikin fuka-fukai suke zuba mai. Tankin haidirojin ba ya shiga fiffike, dole ya shigo cikin jirgi ya ci wurin fasinja da kaya. Shi ya sa ake ta maganar ƙananan jirage masu gajeren zango, alhali manyan jirage masu tsallaka teku su ne ke ƙona kaso mai tsoka na man.

Sai tambayar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya: daga ina haidirojin ɗin zai fito? Kusan duk wanda ake samarwa yau daga iskar gas da kwal ake tatso shi, ana sakin iskar kabon a wurin aikin. Wanda ake samu ta hanyar raba ruwa da wutar rana ko ta iska bai taka kara ya karya ba, ga tsada. Jirgin da ya sha haidirojin ɗin gas bai kawar da hayaƙi ba, ya bar shi ne a masana'anta ya tashi yana taƙama da tsafta. Ban da haka, kowane filin jirgi sai an gina masa rumbun ajiya da bututu sababbi. Kamfanin Universal Hydrogen na Amurka ya gwada warware wannan, har ya tashi jirgin Dash 8 a Maris 2023. A tsakiyar 2024 kuɗi suka ƙare masa, ya rufe.

Wani zai ce ai kowace fasaha da rarrafe ta fara. Haka ne, kuma ba mu ce a rufe ɗakunan gwaji ba. A ci gaba da bincike, wataƙila jirage masu zirga-zirga tsakanin garuruwa na kusa su ci moriyarsa. Abin da muka ƙi shi ne a mai da alkawarin jibi hujjar naɗe hannu yau. Sufurin sama na fitar da sama da kashi 2 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke saki, kuma jirgin da aka saya bana zai yi shekara ashirin ko fiye yana shan mai. Duk lokacin da aka ɗage wa'adi, hayaƙin waɗannan shekaru ba ɗage shi ake yi ba, yana sama yana ƙara wa duniya zafi, har da waɗanda ba su taɓa taka matakalar jirgi ba.

Saboda haka, in za mu ɗora alƙalami a kan wannan jirgi, mu fara da tambaya uku: mutum nawa ya ɗauka, minti nawa ya yi a sama, kuma da me aka yi haidirojin ɗinsa? Kamfanin da ya kasa amsa su, biri yake sayar mana a sama, kuma bai kamata mu zama dillalansa ba.