Tukunyar Gida Ta Fi Ledar Titi

Iyayenmu, malamanmu da 'yan'uwa ɗalibai, akwai wata ɗabi'a da ta shigo gidajenmu a hankali har ta sami wurin zama, ba tare da an zauna an yi shawara a kanta ba. Wannan ɗabi'a ita ce ta aiken yaro da almuru ya sayo wa iyali abincin dare a leda. Yau taliya da ƙwai daga teburin mai shayi, gobe shinkafa da miya daga gidan abinci, jibi burodi da tsire. A da, abincin waje na matafiyi ne da gwauro da wanda dare ya yi masa a tasha. Yanzu kuwa magidanci mai mata da 'ya'ya biyar ma yakan ci daga leda sau uku ko huɗu a mako. Mu a ganinmu wannan hasara ce babba, kuma akwai hanyar fita wadda ba ta fi ƙarfin kowane gida ba.

Ba mu ce ragwanci ne ya kawo haka ba. Mun san yadda yammacin gidajenmu yake. Baba yana tasowa daga aiki a gajiye, mama ta wuni a asibiti ko a aji ko a kasuwa, ga taron zumuntar mata, ga koyon waƙa, ga yara da aikin makaranta a gabansu. Kafin kowa ya hallara ƙarfe bakwai ta wuce. A irin wannan lokaci ba wanda zai so ya ji zancen tuƙa tuwo da kaɗa miya. Amma kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka cewa hanya biyu ce kawai, ko tuwo mai cin awa biyu, ko abincin leda. Tsakanin waɗannan biyun akwai abinci iri-iri da kakanninmu suka sani, masu nuna da wuri, masu araha, masu riƙe ciki.

Bari mu fara da lissafi, domin aljihu ne yake fara jin jiki. Alal misali, a ce gida yana da mutum 6, kuma kwanon shinkafa ɗaya a gidan abinci naira 1,500 ne. Kowa yana iya sa farashin garinsu a maimakon wannan. Daren guda ya cinye naira 9,000 ke nan. In an yi haka sau 3 a mako, an kashe naira 27,000. A mako 4 kuɗin ya kai naira 108,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Nijeriya a shekarar 2024 naira 70,000 ne a wata. In kuwa muka auna da zangon karatu mai mako 13, za mu tarar an kashe naira 351,000 a kan abincin dare na kwana 39 kacal. To, sai kowane uba ya ajiye wannan adadi kusa da takardar kuɗin makarantar ɗansa ya duba. Sau da yawa kuɗin da ake nema ido rufe a farkon zango, ɗari biyar-biyar da dubu-dubu ya fice daga gida da daddare ba a lura ba.

Dalilin tsadar ba boyayye ba ne. Wanda ya sayi kwanon abinci ba hatsi da mai kaɗai ya biya ba. Ya biya hayar shago, da ladan masu aiki, da gas ko itace, da leda, da ribar mai abinci, wani lokaci har da kuɗin ɗan acaɓa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara kuɗi. A tsakiyar shekarar 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna cewa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Tsadar ta shafi mai girki a gida, gaskiya ne, amma shi kayan abinci da makamashi kawai ya saya. Mudun wake da ya shiga tukunyar gida yakan ciyar da iyali duka, har a ga saura.

Na biyu, zancen lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Abincin sayarwa kuwa da gishiri da dunƙulen ɗanɗano da mai ake jawo masa ciniki, kuma mai saye ba shi da ikon cewa a rage. Garin ɗanɗanon da ke cikin ledar taliya shi kaɗai yana ɗauke da gishiri mai yawa, ga shi ba ganye a ciki. Yawan gishiri yana cikin abubuwan da ke kawo hawan jini, ciwon da babu wata majami'a ko unguwa da ba ta san shi ba. Bugu da ƙari, ba mu san awa nawa abincin ya yi a ajiye ba, ba mu san sau nawa aka soya abu a cikin man nan ba. A gida kuwa, hannun da ya zuba gishiri ya san akwai kaka mai hawan jini da ƙaramin yaro a cikin masu ci. Rigakafi ya fi magani. Ga kuma sharar da ake tarawa: a watan Janairu na 2024 Jihar Legas ta hana amfani da farar robar nan mai kama da soso da ake zuba abinci a ciki, saboda yadda take toshe magudanan ruwa. Mu ma in muka duba kwatamin unguwanninmu da damina za mu ga abin da ya cika su.

To, me za a dafa? Ga kaɗan daga cikin abincin da ba ya wuce rabin awa in an shirya kayansa tun da wuri.

Ɗanwake shi ne na farko. A haɗa garin wake da garin rogo ko fulawa da kuka kaɗan, a kwaɓa da ruwan kanwa, a riƙa tsinkawa ana jefawa cikin tafasasshen ruwa. In ya taso sama a bar shi kamar minti 10, a tsame, a ci da mai da yaji. A yanka albasa da tumatir da kabeji a kai, in da hali a ƙara dafaffen ƙwai. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman irin waken nan namu, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake sinadarin gina jiki ne. Abin kunya ne mu noma shi a bayan gida, sa'an nan mu bar 'ya'yanmu su girma da taliyar leda.

Na biyu shi ne faten acca ko na tsaki. A ɗora ruwa da albasa da attarugu da daddawa da ɗan busasshen kifi, a zuba dakakkiyar gyaɗa ko manja, in ya tafasa a zuba acca ana motsawa, a ƙarasa da alayyafo ko yakuwa. Ƙwayar acca ƙanana ce ƙwarai, shi ya sa ba ta ɗaukar lokaci a wuta. 'Yan'uwanmu na Filato da kudancin Kaduna sun daɗe da sanin wannan. Haka nan faten dankalin Turawa ko na dankalin Hausa, tukunya ɗaya ce, wanke-wanke kaɗan.

Na uku, garau-garau. Abin da ke sa mutane gudun wake shi ne daɗewarsa a wuta. Maganin wannan kuwa mai sauƙi ne: a jiƙa shi da safe kafin a fita. Da yamma a zubar da ruwan, a ɗora da sabo, in ya kusa nuna a zuba shinkafa. Mai da yaji da yankakken albasa sun gama zance.

Na huɗu, kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli. In akwai dafaffen ganye, minti 5 sun isa a haɗa shi, kuma zogale itace ne da kowane gida zai iya dasawa a jikin katanga. Na biyar, dafa-duka na taliya ko shinkafa da kifi da ganye. Ko wanda ya nace sai taliyar leda, ya dafa ta a gida, ya rage garin ɗanɗanon zuwa rabi, ya yanka mata kabeji da karas da albasa. Kuɗin ya ragu, amfanin ya ƙaru.

Asirin duk wannan shi ne shiri, domin da sanyin safiya ake kama fara. Ranar Asabar a kai wake inji a niƙa garin da zai kai mako biyu, a daka yaji a zuba a kwalba, a tsince acca a wanke a shanya, a gyara kifi. A soya jajjagen tumatir da tattasai da albasa har ruwansa ya ƙone. Gidan da ke da firji da wuta tsayayya zai iya raba shi kashi-kashi ya ajiye. Gidan da ba shi da shi ya yi na kwana biyu kawai, ya riƙa tafasa shi sosai safe da yamma, ko ya dogara da busasshen tumatir da kuɓewa da kuka waɗanda ba sa lalacewa da wuri. A kula kada a bar dafaffen abinci, musamman shinkafa, ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba kuma ba a cikin sanyi ba. A kan makamashi kuma, ga wata dabara: in wake ko shinkafa ta tafasa sosai, a sauke tukunyar a rufe, a naɗe ta da tsohon bargo a sa cikin kwando. Zafin da ke ciki zai ƙarasa dafuwar ba tare da an ƙona gas ko gawayi ba.

Yanzu mun zo kan babbar tambaya: wa zai yi girkin? In amsar ita ce mama ita kaɗai, to, duk abin da muka faɗa ya zama ƙarin kaya a kan wadda ta riga ta gaji, kuma ba za mu ga laifinta ba in ta miƙa kuɗi ta ce a sayo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A nan ne maganarmu ta dawo kanmu ɗalibai, maza da mata. Ɗalibin da zai iya auna sinadarai a ɗakin gwaje-gwaje, ya warware lissafi mai wuya a allo, ba shi da hujjar cewa kwaɓa ɗanwake ya gagare shi. Masu cewa kicin na mata ne su dubi mai shayi da mai tsire da masu girki a manyan otal-otal. Maza ne, kuma ba wanda ya raina su. Gobe za mu tafi jami'a, mu tafi hidimar ƙasa a garin da ba mu san kowa ba, inda ɗan alawus ba zai kai ƙarshen wata ba ga wanda bai iya ɗora tukunya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka muna roƙon iyaye su bar 'ya'yansu maza su shiga kicin, ko da girkin farko zai yi gishiri ko ya kama.

Wani zai ce, to, masu sayar da abincin fa, ba da wannan sana'a suke ci ba? Gaskiya ne. Mai ƙosai da mai awara da mai waina da yawansu iyayenmu ne, wasu gwauraye ne da ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu da kaskon suya. Ba mu ce a ƙaurace musu ba. A sayi ƙosai a dama koko ko kunun gyaɗa a gida, a sayi awara a yanka mata kabeji da tumatir. Ranar da rashin lafiya ko tafiya ko baƙi suka zo ba shiri, a sayi abinci ba laifi. Abin da muke ƙi shi ne abin da aka tanada domin ranar larura ya koma abincin kullum.

Akwai kuma wata riba da ba a lissafa ta da naira. Abincin leda kowa yakan ɗauki tasa ya nufi lungunsa, wannan yana kallon talabijin, wancan yana danna waya. Tukunyar gida kuwa tara mutane take yi. Wani yana yanka albasa, wani yana hura wuta, ƙaramin yana kawo kwanuka. A nan uwa take jin abin da ya faru a makaranta, a nan uba yake gane cewa akwai abin da ke damun ɗansa, a nan yaro yake koyon barin loma ta ƙarshe ga ƙaninsa. Gidan da ya daina cin abinci tare yakan daina hira tare, ba tare da an yi faɗa ba.

A ƙarshe, ga shawararmu ga kowane ɗalibi da zai tafi hutu da wannan littafi a jakarsa. Ka zaɓi abinci 3 daga cikin waɗanda muka ambata, ka roƙi mama ko yaya ta nuna maka har hannunka ya faɗa. Ka ɗauki dare 2 a kowane mako ka ce girkin naka ne. Iyaye kuma su nemi gwangwani, duk daren da aka dafa a gida maimakon a saya, a jefa rarar kuɗin a ciki, kada a buɗe sai ranar da za a koma makaranta. Malamanmu na darasin kula da gida su ma muna roƙonsu su buɗe ƙofar ajinsu ga maza. In muka dawo sabon zango, sai mu tambayi juna abin da kowa ya iya dafawa da abin da gwangwanin gidansu ya tara.

Allah ya sa albarka a tukwanen gidajenmu, ya kai mu hutu lafiya, ya dawo da mu lafiya.