Buƙatar Keɓe wa Masu Kekuna Hanyarsu a Gefen Babban Titi: Misalin Titin BUK a Birnin Kano

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa rigakafi ya fi magani. Wannan magana ta dace da halin da mahayin keke yake ciki a manyan titunan biranenmu, inda yake raba kwalta ɗaya da tirela da bas da A Daidaita Sahu da babur, alhali duk cikinsu shi ne mafi rauni, kuma shi ne wanda aka manta da shi lokacin da ake zana titin. A wannan maƙala za a ɗauki Titin BUK da ke birnin Kano a matsayin misali, domin a nuna cewa lokaci ya yi da za a keɓe wa masu kekuna hanya tasu ta daban a gefen irin waɗannan tituna. Ra'ayin da za a kare shi ne, irin wannan hanya ba za ta yi amfani ba sai an cika sharuɗɗa uku: a raba ta da kwalta da shinge na zahiri, a sa ta miƙe ba tare da yankewa ba, a kuma yi shawara da masu neman abincinsu a bakin titin tun kafin a fara haƙa.

Dalilin Zaɓar Titin BUK

Titin BUK ya taso daga wajen Gidan Murtala, ya bi gefen ganuwa, ya wuce ta Ƙofar Ɗan'agundi da Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya da Ƙofar Famfo, har ya kai Kabuga, inda ya haɗu da hanyar Gwarzo mai zuwa sabon matsugunin Jami'ar Bayero. Da wuya a sami wani titi a Kano da ya tara makarantu kamarsa. A kansa ne Kwalejin Rumfa take, da tsohon matsugunin Jami'ar Bayero, da Kwalejin Aminu Kano ta Nazarin Shari'a da Addinin Musulunci, da kuma tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya wadda aka ɗaga darajarta zuwa jami'a. Ke nan akasarin masu bin wannan titi safe da yamma ɗalibai ne da malamai da ƙananan ma'aikata, wato mutanen da kuɗin mota yake cin kaso mai tsoka daga cikin abin da ke aljihunsu.

Wannan nauyi ya ƙaru tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da aka sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma zuwa ƙarshen 2024 ta kai 1,000 a wurare da dama. Keke kuwa ba ya shan mai. Ƙasar Kano shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa babu gangara, kuma mai tuƙi a hankali yana iya cin kilomita 5 cikin minti 20. Haka kuma keke ba baƙo ba ne a wajen Bahaushe. Iyayenmu sun kira shi dokin ƙarfe, malamai da masinjoji da 'yan kasuwa sun yi zamani da shi, har masana'antar haɗa kekunan Raleigh an taɓa yi a Kano. Abin da ya kori keke daga babban titi shi ne tsoro, kuma tsoron yana da dalili.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu kekuna da masu babura. Haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, wato daidai shekarun ɗalibanmu. Uban da ya hana ɗansa hawa keke zuwa makaranta ta wannan titi bai yi laifi ba.

Sharaɗi na Farko: Shinge na Zahiri

Hanya mafi arha, wadda hukumomi suka fi saurin rungumar ta, ita ce a ja farin layi a gefen kwalta, a zana hoton keke, a ce an gama. Amma fenti ba ya tare mota. Duk wanda ya san yadda direban A Daidaita Sahu yake yankowa gefe da zarar ya hangi fasinja, ya san cewa layin fenti ba zai yi mako guda ba zai zama tasha. A titin da motoci suke gudun kilomita 50 a sa'a ko fiye, abin da zai kare mahayin keke shi ne dakalin kankare, ko jerin bishiyoyi, ko tazarar ƙasa ta aƙalla mita ɗaya tsakaninsa da kwalta. Faɗin hanyar kanta, idan za a riƙa zuwa da dawowa a cikinta, bai kamata ya gaza mita uku ba, domin kekuna biyu su gifta juna ba tare da gogayya ba, musamman da yake masu lalurar ƙafa da ke tafiya a keken hannu su ma za su amfana da ita.

Tarihi ya riga ya ba mu darasi a nan. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawa keke, har shi kansa ya riƙa hawa zuwa aiki a Abuja. A shekarar ce wata bas ta banke shi ya faɗa cikin lambatu. Mutane da yawa sun mayar da abin na dariya, amma darasin da ke ciki mai nauyi ne: kira ga jama'a su hau keke ba tare da an tanadar musu inda za su bi ba, tura su ne zuwa ga halaka.

Sharaɗi na Biyu: Hanya Mai Ɗorewa Ba Yankewa

Hanyar keken da ta yi kyau tsawon rabin kilomita sannan ta ƙare a bakin shataletale, ta watso mahayi cikin motoci, tarko ce. A mahaɗar hanyoyi ne aka fi samun karo tsakanin mota da keke, domin a nan ne mota take karya kwana ta yanke gaban mai tafiya miƙe. Saboda haka mai tsara hanya ya fara da wurare masu wuya, wato bakin kowace ƙofa ta ganuwa, da mashigar kowace makaranta da gidan mai, da kuma gadojin ƙasa na Gadon Ƙaya da Kabuga waɗanda aka gina tsakanin 2011 da 2015. Bai kamata mai keke ya gangara ƙarƙashin gada tare da motoci masu gudu ba. A bar masa hanyarsa a sama, a yi masa wurin tsallakawa mai danja ko tudun rage gudu. A ƙasar Holan akan ja hanyar keke baya da kimanin mita biyar daga babban titi a wurin mahaɗa, tsawon mota guda ke nan, domin direban da ya karyo kwana ya sami wurin tsayawa, ya kuma ga mai keke sosai kafin ya ratsa.

Batun ɓangaren titin da za a ɗora hanyar shi ma yana buƙatar nazari. Ɓangaren badala yana da ƙarancin mashigai, don haka mai keke zai yi doguwar tafiya ba abin da ya gitta masa. Bugu da ƙari, hanya mai bishiyoyi a nan za ta zama katanga ga ganuwar kanta, wadda aka aza harsashinta tun zamanin Sarki Gijimasu, kuma take fama da zaizayar ruwa da cin iyaka. Sai dai akasarin makarantun suna ɗaya ɓangaren ne, don haka dole a tanadi amintaccen wurin tsallakawa a gaban kowace makaranta. A kuma kula da magudanar ruwa, domin hanyar da take zama tafki a watan Agusta za ta mayar da mahayanta kan kwalta.

Birnin Sebiya na ƙasar Sifaniya, wanda Larabawa suke kira Ishbiliya, ya nuna amfanin wannan sharaɗi. Tsakanin 2006 da 2007 an shimfiɗa kimanin kilomita 80 na hanyoyin keke a birnin, dukkansu a haɗe da juna, an kuma raba su da motoci da shinge. An samo mafi yawan filin ne daga wuraren ajiye motoci na bakin titi. Cikin 'yan shekaru yawan tafiye-tafiyen da ake yi da keke a birnin ya ninka fiye da sau biyar. Mutanen ba su canza hali dare ɗaya ba. Hanya suka samu da za ta kai su daga gida har wurin aiki ba tare da fargaba ba.

Sharaɗi na Uku: Shawara da Masu Bakin Titi

A zanen injiniya gefen titi fili ne fetal. A zahiri kuwa akwai mai faci da mai shayi da mai sayar da lemo da kankana, akwai masu furanni, akwai masu kurar ruwa da masu baro, ga kuma inda fasinjoji suka saba tsayawa jiran abin hawa. Duk tsarin da ya yi kamar waɗannan mutane ba su nan, to zai rushe, domin ko an kore su da safe za su dawo da yamma, kuma a kan sabuwar hanyar za su baza kayansu tunda ita ce mai santsi da inuwa. Tun ran gini tun ran zane. A ƙidaya su, a zauna da shugabannin ƙungiyoyinsu da masu unguwanni, a ware musu gurabe a bayan hanyar, a kuma yi wa A Daidaita Sahu wuraren tsayawa a gefen kwalta yadda fasinja zai sauka ba tare da ya faɗo gaban keke ba. Mai faci ma abokin wannan aiki ne, domin kasuwarsa ce za ta buɗe.

Babban abin da zai yi wa hanyar barazana shi ne babur. An hana ɗaukar fasinja a babur a Kano tun watan Janairu na 2013, amma babura na hawan kai suna nan birjik, kuma da zarar cunkoso ya haɗu za su nemi kutsawa. A birnin Wagadugu na Burkina Faso, inda aka daɗe da ware wa masu ƙafa biyu gefen wasu manyan tituna, babura ne suka fi cika wurin, mai keke ya koma ɗan rakiya. Saboda haka a fayyace a doka tun farko cewa hanyar ta keke ce da keken hannu, a kafa turaku a mashigarta don hana mota da mai ƙafa uku, a kuma ɗora wa jami'an KAROTA alhakin tsaron ta.

Amsa ga Masu Ja

Wasu za su ce zafin ranar Kano ba zai bari a hau keke ba. Gaskiya ne a watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40, amma haka yake kaiwa a Sebiya lokacin bazararsu. Maganin rana inuwa ce, kuma darbejiya ba ta da wuyar rayawa a ƙasarmu. Wasu kuma za su ce babu kuɗi. Amma hanyar keke ba ta ɗaukar nauyin tirela, don haka ba ta buƙatar kauri da ƙarfen da gadar sama take ci. Jihar da ta iya gina gadoji ba za ta gaza shimfiɗa hanya mai faɗin mita uku ba. Akwai kuma masu ganin hawa keke alamar talauci ce. Su sani cewa Holan tana cikin ƙasashe masu arziki, kuma ba da kekuna aka haifi mutanenta ba. A 1971 fiye da mutum 3,000 ne suka mutu a titunan ƙasar, sama da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye suka tashi da zanga-zanga, sannan ƙarancin mai na 1973 ya biyo baya, sai gwamnati ta shiga gina keɓaɓɓun hanyoyin keke. Raini yakan ragu idan aka ga malamin jami'a da ɗan kasuwa suna bin hanya ɗaya da ɗan firamare cikin kwanciyar hankali.

Rawar da Malami Zai Taka

Ɗalibin da yake shirin zama malami yana iya cewa wannan aikin injiniyoyi ne da hukumar tsara birane. Amma kowane tsari nagari da ƙidaya yake farawa, kuma babu wanda ya fi malami sanin yadda yara suke zuwa makaranta. A lokacin gwajin koyarwa, malami yana iya sa ɗalibansa su ƙidaya masu zuwa a ƙasa da masu keke da masu shiga mota, su zana taswirar wuraren da suke jin tsoron tsallakawa, su kuma rubuta wasiƙa zuwa ga ƙaramar hukuma. Darasin lissafi da na labarin ƙasa da na insha'i ke nan a lokaci guda. Haka kuma malami yana iya gabatar da batun a taron iyaye da malamai, ya nemi a ware rumfar ajiye kekuna mai tsaro a cikin makaranta, domin tsoron ɓarawo yana hana hawa keke kamar yadda tsoron mota yake hanawa.

Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta nuna cewa Titin BUK, saboda yawan makarantunsa da shimfiɗar ƙasarsa, ya cancanci a fara gwada keɓaɓɓiyar hanyar keke a kansa, kuma abin da aka faɗa game da shi ya shafi kowane babban titi mai makarantu a Zariya ko Katsina ko Sakkwato. Idan za a yi, a yi da shinge, a yi ta miƙe har ƙarshe, a kuma yi da yardar masu bakin titi. Idan kuwa fenti kawai za a shafa, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ma'aunin da za a auna aikin da shi guda ɗaya ne: ranar da uwa za ta yarda ɗanta mai shekara goma sha biyu ya hau keke daga Kabuga zuwa Kwalejin Rumfa shi kaɗai, hankalinta a kwance, to ranar ce za a ce an gina hanya.