Sabara Da Ɗunɗu Suna Cinye Makiyayun Bauci: Kada A Yi Gyaran Gangar Auzinawa

Fataken shanu da mahauta na Agege da Sabon Ibadan sun daɗe suna kukan tsadar shanu da ramarsu. Kowa yana ɗora laifin a kan kuɗin mota da haraji, amma akwai wani dalili da ke kwance a dajin Bauci. Wanda ya bi hanyar Ningi ko ta Gombe daga birnin Bauci zai ga filayen da a da gamba da kyasuwa suke rufe saniya, yanzu sabara da kalgo da geza da ɗunɗu sun mamaye su, tsakaninsu kuwa sai faƙo.

Yadda abin yake faruwa ba boyayye ba ne. Idan dabbobi suka yi wa fili yawa, sukan cinye ciyawa tun ba ta zuba iri ba. Da ciyawa ta ƙare, gobarar daji ba ta samun abin ci, alhali kuwa ita ce take kashe 'yan tsiron itatuwa. Sannan awaki da shanu suna cin 'ya'yan ɗunɗu, su baza irin cikin kashinsu. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun ƙara taimakon wannan aiki, gama saiwar sabara tana nitsawa inda ta ciyawa ba ta kaiwa.

To, mene ne wannan yake yi wa ƙasa? Mutane da yawa suna tsammani waɗannan itatuwa suna kashe ta ne. Binciken da masana suka yi a Nijar da Senegal ya nuna ba haka ba ne. Sabara da kalgo suna jawo sinadarai daga can ƙasa, su zubar da ganye, su kuma tare ƙurar da hunturu yake kwasowa. Saboda haka ƙasar gindinsu ta fi ta sarari ruɓaɓɓen ganye da naitirojin, watau sinadarin da manomi yake saye cikin buhun takin yuriya. Ɗunɗu kuwa dangin wake ne, yana ɗebo naitirojin daga iska. Har ma an tabbatar a Senegal cewa da dare sabara takan ɗago ruwa daga ƙasa, geron da ke kusa da ita ya amfana. Manoman da suke sassabe sun san haka tun kaka da kakanni.

Ashe ke nan ƙarfin ƙasa bai gudu ba, tattaruwa ya yi wuri guda. Ɓarnar tana tsakanin itatuwan, inda babu ciyawar da za ta riƙe ƙasa. Ruwan sama ya doke ta, ta daskare, ya wanke samanta zuwa kwazazzabo. Saniya kuwa ba ta iya kutsawa cikin ƙayar ɗunɗu. A ƙasar Kuba wannan ɗunɗun ya cinye fili fiye da hekta miliyan guda. Makiyayin da ya rasa ciyawa a gida, ina za shi in ba gonar mutane ko Kurmi ba? Kowa ya san abin da yake biyo baya.

Wasu suna cewa a sa katafila ta tumɓuke kome, ko a bar masu gawayi su gama da shi. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Katafila za ta kankare ƙasar da ta fi taki, masu gawayi kuma manyan itatuwa suke sara su bar ƙaya. Abin da ya kamata shi ne a rage itatuwan, a bar wasu jefi-jefi, a shimfiɗa rassan da aka sare a kan faƙo don su ruɓe, a shuka gamba, a kuma hutar da yanki damina ɗaya ko biyu. Manoman Maraɗi sun farfaɗo da gonakinsu tun daga 1983 ta hanyar renon kututture, ba tare da katafila ba.

Dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa tana nan tun 1965, kuma Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa tana cikin birnin Bauci da malaman ƙasa da na dabbobi. Ya kamata Ma'aikatar Gona ta haɗa su da arɗo-arɗo da hakimai, a auna ƙasar kowace makiyaya kafin a ɗaga gatari. Ƙungiyoyin fataken shanu na Kudu kuma su sa baki, gama abincinsu daga wannan ciyawa yake fitowa. Allah Ya sa hukuma ta ji.