Ganyen da muke ƙonawa taki ne

Edita,



Duk wanda ya ratsa gefen dajin Falgore da hunturu ya ga yadda marke da kirya da kuka suke kakkaɓe ganyensu har ya rufe ƙasa. Wannan ganye shi ke hana rana gasa ƙasa. Da ruwan fari ya sauka, gara da tana su cinye shi, ya ruɓe ya koma taki. Gawo kuwa, ikon Allah, sai da damina yake zubar da nasa, daidai lokacin da gero ke neman abinci, kuma ba ya tare masa rana. Shi ya sa kakana ya hana kowa ɗaga gatari kusa da gawon gonarmu.

To amma tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023, kananzir da gas suka gagari talaka, kowa ya koma gawayi. Kirya da marke ake fara sarewa, don gawayinsu ya fi daɗewa a murhu. Ni ban ga laifin mai neman na tuwo ba. Sai dai mu manoma ma, ɗan ganyen da ya rage, wuta muke cinna masa lokacin sharar gona, sannan mu ci bashi mu sayi takin zamani.

Manoman Maradi tun wajen 1983 suka koma barin tohon kututture a gona yana girma, gonakinsu suka farfaɗo. Ina kira ga dagatai da masu unguwanni su kafa dokar hana sare gawo kafin sharar bana.

Naku,
Wani manomi daga Tudun Wada, Jihar Kano.