Hanyoyin gudu na nan a Dutse, a taswirar waya ne kawai babu su

Duk wanda ya taɓa buɗe taswirar zirga-zirga ta manhajar Strava zai ga birane irin su Landan da Nairobi suna walƙiya da layukan da 'yan gudu suka bari. Idan ya jawo taswirar zuwa tsakiyar Jigawa, hasken sai ya dusashe. Baƙo zai ɗauka babu mai motsa jiki a nan. Amma wanda ya fita bayan sallar asuba a Dutse ya san akwai 'yan ƙwallo da ɗaliban Jami'ar Tarayya da masu shirin shiga aikin ɗamara da ke zufa a bakin titi. Abin da ya rage shi ne su sa hanyoyinsu a taswira, kuma wayar da ke aljihunsu ta isa yin wannan aiki.

A Faransa akwai gasar gudun fanfalaki ta Medok, kusa da birnin Bodo, wadda aka fara a 1985. Kilomita 42 ake yi ana ratsa gonakin inabi, kuma kyawun hanyar na cikin abin da ke jawo mutane daga ƙasashe da dama. A gida Najeriya, ƙauyen Okpekpe na Jihar Edo ya yi suna saboda tseren kilomita 10 da aka fara a 2013 a kan hanyarsa mai tuddai. Darasin a fili yake: karkara ma na iya zama filin wasa idan an san hanyoyinta.

Jigawa ba ta da gonakin inabin Faransa, amma tana da nata arzikin. Dutse garin dabino ne, har cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, NIFOR, tana da reshen binciken dabino a can. Ga duwatsun da suka ba garin sunansa, ga hawan Garu wajen fadar Sarki mai gwada ƙarfin cinya. Idan aka nausa arewa zuwa Ringim da Jahun da Miga, sai a faɗa kwarin Kogin Haɗeja, inda fadamu ke kore shar da shinkafa da alkama a lokacin da ko'ina ya bushe. Hanyoyin ƙafa da na amalanke da ke tsakanin waɗannan gonaki sun fi kwalta sauƙi ga gwiwa, kuma babu tirela ko ɗan acaɓa da zai bi ta kan mutum.

Uzurin da aka fi ji shi ne tsadar data. Gaskiyar magana, GPS ba ya cin data. Waya saurare kawai take yi daga taurarin ɗan'adam da ke nisan kusan kilomita 20,000, kuma da ta kama aƙalla huɗu za ta gane inda take. Data na shigowa ne wajen sauke taswira da ɗora sakamako. Manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps suna barin mutum ya sauke taswira sau ɗaya, ya ci gaba da amfani da ita ko babu sabis. Matsalar da ta fi damun masu Android ita ce tsarin adana caji, wanda kan kashe manhaja da zarar allon waya ya mutu, sai a dawo gida a tarar an yi kilomita 7 amma waya ta rubuta 2. Maganinta shi ne a shiga saitin batir a cire wa manhajar takunkumi kafin a fita.

Mataki na gaba ya fi tara maki a Strava muhimmanci. OpenStreetMap, wadda aka kafa a 2004, taswira ce da kowa ke iya gyarawa kyauta. Wanda ya naɗi hanyarsa a fayil ɗin GPX zai iya ɗora shi, ya zana hanyar, ya sa wa ƙauye sunansa yadda mutanen wurin ke faɗa. Hanyar da ɗan gudu ya zana yau, gobe ma'aikacin rigakafi ko mai kai agaji zai iya bin ta. Wanda ya ga ambaliyar 2022, lokacin da ruwa ya yanke garuruwa da dama a kwarin Haɗeja, ba ya bukatar dogon bayani kan amfanin sanin wace hanya ce ke kan tudu.

Sai dai akwai masu ganin haɗari a wannan harka, kuma suna da hujja. A farkon 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya ya gano cewa taswirar Strava tana tona asirin sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan, saboda sojojin na gudu da manhajar a kunne. Idan hakan ta faru da sojoji, ina ga matashin da ke fara naɗar gudunsa daga ƙofar gida kullum ƙarfe shida? Ya sanar da duniya inda yake kwana da lokacin da yake shi kaɗai a daji. A zamanin garkuwa da mutane da ƙwacen waya, wannan ganganci ne. Strava tana da saitin ɓoye farko da ƙarshen hanya, da na taƙaita masu kallo zuwa abokai kaɗai. A kunna su tun ranar farko, a riƙa sauya lokaci, kuma a fita mutum biyu ko uku. Ga mata masu motsa jiki, wannan ka'ida ta fi zama wajibi.

Haɗari na biyu na ladabi ne. Gona ba filin gwamnati ba ce. Manomi da ya ga samari sun taka masa kunya ko sun tsinki dabino ba zai tambayi sunan manhaja ba. Kafin a wallafa hanya don wasu su bi, a gaida mai unguwa, a nemi izinin masu gona, a tsaya kan turba, a kuma ba shanu hanya a burtali. Da ma wanda ya daɗe a wuri ya fi taswira sanin inda maciji ke kwana da inda ƙasa ke zaftarewa.

Lokaci ma na da hukuncinsa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, don haka gudu sai da sassafe, da ruwa a hannu. A Agusta da Satumba kogi kan cika, turbar da aka bi da rani ta koma tafki. Duk hanyar da aka wallafa ya kamata a rubuta watan da ake iya bin ta. Hunturu ya fi daɗi, in ban da ranakun da ƙura ta yi yawa.

Ba sai an jira gwamnati ta shirya gasa ba. Abokai biyar da waya ɗaya mai caji za su iya auna hanyar kilomita 5 a gefen gonakin dabino ranar Asabar, su ɗora ta kafin azahar. Idan aka yi haka a Dutse, aka yi a Kiyawa da Ringim, duk ranar da aka tashi shirya tsere a Jigawa za a tarar hanyar na nan a aune, kuma 'yan gida ne suka auna ta.